Za mu sabunta tambarin ƙungiyarmu: ta yaya za mu gyara ba tare da mun zubar da na magabata ba?

Sakataren wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta gari a ƙasar Argungu ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ƙungiyarsu ta girmi jihar Kebbi, bana suna shirin shiga gasar jiha da burin hayewa zuwa rukunin NLO, mataki na uku na gasar ƙwallon Najeriya, kuma wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin sabbin jesuna. Tsohon tambarinsu garkuwa ce mai kore da fari, a cikinta akwai kifi, da ƙwallo, da hannu biyu suna musabaha, da taurari biyu, ga cikakken sunan ƙungiya da take da Turanci daga ƙasa. Asalin zanen ya ɓata, sai abin da ya rage a jikin tsofaffin riguna da hatimin roba. Matasa sun kawo sabon zane a waya, zaki da kambi a cikin da'ira mai shuɗi. Dattawan da suka kafa ƙungiyar sun ce ko ɗigo ba za a taɓa ba. Yana so ya san ko a sake ko a bari, in kuma za a taɓa, ta ina za a fara.

Malam Sakatare, ka kyauta da ka yi tambaya tun kafin a kai wa mai bugu kuɗi, domin galibi sai riguna sun iso cikin buhu ake tuna wannan magana. Amsata ita ce ku gyara, kada ku sake. Matasanku sun yi gaskiya, zanen ya yi cunkoso kuma ba ya fita. Dattawanku ma sun yi gaskiya, abin da mutane suka yi shekaru fiye da talatin suna ɗaura wa a ƙirji ba a zubar da shi don wani hoto ya burge a waya. Abin da ya hana su jituwa shi ne kowane ɓangare ya ɗauki tambarin a dunƙule, ko a riƙe duka ko a yar duka. A cikin abubuwan da ka lissafa, ɗaya ko biyu ne kawai ƙungiyar take tsaye a kansu. Sauran mai zanen farko ne ya cike fili da su, yadda aka saba a zamaninsa. Aikinku na farko shi ne gano wanne ne wanne, kuma wannan aiki ba a gaban kwamfuta ake yin sa ba.

Ka sami fararen takardu da biro ka fita. Ka je teburin mai shayin da ke kusa da fili, ka je wurin tsofaffin 'yan wasa, da yaran da ke ɗauko ƙwallo in ta fita, da masu kabu-kabun da ba sa fashin kallon wasa. Mutum ashirin ko talatin sun isa. Ka ce kowa ya zana maka tambarin ƙungiya daga ka, ba tare da ya kalli riga ba, kuma ka gaya musu ba gasar iya zane ba ce. Ka lura da abin da hannun mutum ya fara zuwa kai. Za ka ga wani ya yi garkuwa a karkace ya dangwala kifi a tsakiya ya miƙo maka, wani ya tsaya yana tunani ko taurarin biyu ne ko uku, wani ya rubuta "kore" a gefe saboda ba shi da kala. In ka shimfiɗa takardun a tabarma, abin da ya maimaitu a kusan kowace takarda shi ne gadonku. Abin da ba wanda ya tuna, shi ne wanda za a iya tattaunawa a kansa. Ina kyautata zaton kifin da koren za su fito a kusan duka, ƙwallon kuma da taken Turancin za su yi ƙaranci.

Amma kada ka yanke hukunci da takardun nan kaɗai. Akwai abin da jama'a suka manta alhali shi ne tushen labarin, kuma hannayen nan masu musabaha su nake ji. Ka ɗauki goro ka je gidan kowane dattijo da ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ka zauna ka ce, "Baba, wannan hannun na mene ne?" Ka nemi izini ka naɗi muryarsa a waya. In ya ce mai zane ne kawai ya sa don alamar zumunci, to hannun zai iya fita ba wanda ya yi asara. In kuwa ya ce ai shiyya biyu ce da ba sa ga maciji suka haɗa 'yan wasansu wuri ɗaya, aka yi musabaha a gaban hakimi, to wannan hannun ya fi kifin ma nauyi, sai a nemo yadda za a adana shi. Ƙungiyoyi da yawa haka suka samu. Kano Pillars kanta a 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da ita. Kuma ka je musu ɗaya bayan ɗaya kafin taro. Dattijon da aka zo gidansa aka tambaye shi ba ya shiga taro da shirin faɗa.

Taurarin ma ka tambaya. A ƙwallo tauraro magana ce: a Italiya kowace tauraro ɗaya a rigar kulob tana nufin ya ci gasar ƙasa sau 10, al'adar da Juventus ta fara a 1958. In naku biyun na wasu kofuna ne da aka ci, a rubuta sunan kofin da shekararsa a littafin ƙungiya, taurari su zauna. In ado ne, a cire, ku bar gurbin ga ranar da za ku ci abin da ya cancanci tauraro. Shekarar kafuwa kuwa ina so ku ƙara ta, amma da hujja. Tunda ƙungiyar ta riga 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, tsofaffin rasiɗan rajista da wasiƙun gayyatar wasa za su zo da sunan Sakkwato, don haka kada wani ya ga haka ya ɗauka ba naku ba ne. Ku juya bayan tsofaffin hotuna, masu situdiyo kan buga hatiminsu da kwanan wata. In dattawa biyu suka saɓa a kan shekara, a bi wadda takarda ta tabbatar.

Ba ku ne farkon shiga wannan rigima ba, kuma waɗanda suka fi ku kuɗi sun sha kunya a kanta. A 2013 Everton ta fitar da sabon tambari, ta cire takenta na Latin da kambunan ganyen da ke gefen hasumiyar da ke cikin tambarin, da hujjar a sauƙaƙa zanen. Magoya baya fiye da 20,000 suka sa hannu a takardar koke, kulob ya fito ya ba da haƙuri, aka kawo zane uku aka jefa ƙuri'a, wanda ya ci ya hau riga a 2014 da takensa a jiki. Leeds United ta fi shan wuya. A Janairun 2018 ta nuna wani tambari na mutum ya dafa ƙirji da dunƙulen hannu, ta ce ta yi wata shida tana bincike, ta ji ra'ayin mutum 10,000. Cikin 'yan kwanaki fiye da mutum 70,000 suka sa hannu a kan ba sa so, kuma tambarin bai taɓa hawa rigar wasa ba. Darasin Leeds ya shafe ku kai tsaye: tambayar mutane "me kuke ƙauna game da ƙungiya" daban, nuna musu zanen kafin a yanke daban. Na biyun ne ba a yi ba.

Atlético Madrid ta gyara nata a 2017, gyaran da baƙo zai ce ƙarami ne, an ɗan lanƙwasa saman garkuwa an juya dabbar da bishiyar da ke ciki. Magoya baya ba su daina ƙorafi ba har sai da aka ba mambobi ƙuri'a a 2023, fiye da kashi 88 cikin ɗari na waɗanda suka jefa suka ce a koma tsohon, aka koma a 2024. Cardiff City kuwa launi aka taɓa: mai kulob ya mayar da su ja daga shuɗi a 2012, a farkon 2015 dole aka dawo da shuɗin. Ka gaya wa matasanku wannan, tunda zanensu ya bar kore ya tafi shuɗi. Mutum daga bayan fili ba ya ganin abin da ke cikin bajo, launin riga yake gani, da shi yake gane nasa. Wadda ta bi hanya mai kyau ita ce Manchester City. A ƙarshen 2015 ta ba magoya baya kusan wata guda su faɗi alamomin da suke so, sannan ta ajiye gaggafar da take amfani da ita tun 1997, ta koma da'ira irin ta da, da jirgin ruwa da layukan koguna uku na birnin da jan fure. Zanen sabo ne fil, amma kowane abu a cikinsa tsoho ya san shi. Saboda irin waɗannan rigingimu, tun 2022 hukumar FA ta Ingila ta sa doka cewa kulob ba zai yi babban sauyi ga tambari ko launin rigar gida ba sai ya nuna mafi yawan magoya bayansa sun yarda.

Na san wani cikin matasan zai ce to Juventus fa, da ta watsar da garkuwarta da ɗan bijimin birnin Turin a 2017 ta koma harafin J kawai? Ta yi, kuma tana nan a kai. Sai dai Juventus tana neman sayar da hula da jaka ga mutumin da ke wata nahiya wanda bai taɓa taka Turin ba. Ku masu sayen rigarku su ne waɗanda kuke haɗuwa da su a masallacin Juma'a da wurin suna. Abin da ya dace da ku shi ne irin gyaran da ake yi wa zauren gidan gado: a sake yaɓe, a ɗaga inda ya zauna, a gyara indararo, amma ƙofa tana inda take, wanda ya yi shekara ashirin a Legas in ya dawo ba sai ya tambayi hanya ba.

Zakin da kambin ina roƙon a ajiye su. Ba don zanen ba shi da kyau ba, sai don duk wanda ya kalle shi wata ƙungiyar Landan zai tuna, kuma daga Jega zuwa Gusau za ka sami ƙungiyoyin unguwa da yawa da suka saukar da irinsa daga intanet suka canza suna kawai. Ka duba manyan kulob ɗin ƙasar nan da aka fi ganewa. Wikki Tourists ta Bauchi sunanta daga maɓuɓɓugar Wikki ta dajin Yankari ya fito, giwarta ma ta can ce. Enyimba giwa ce tun daga sunanta, kuma sunan kirarin birnin Aba ne. Ku kuma Allah ya ba ku abin da ba sai kun aro ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wanda bai taɓa zuwa Kebbi ba ya san hoton dubban masunta suna rugawa cikin kogin Matan Fada. Ƙungiyar da take da kifi a tambarinta tun asali, a wannan ƙasa, ta musanya shi da zaki, ta yi asarar da kuɗi ba sa mayarwa.

Sai dai kifin ya zama namu. Nan ne masu zane suka fi yin sakaci: a buɗe intanet a ɗauko kowane irin kifi, wani na teku mai wutsiya reshe biyu, wani mai haƙora kamar na fim, a liƙa. Bakabe da ya tashi a bakin ruwa kallo ɗaya zai yi ya ce wannan ba na kogin nan ba ne. Ku duba tsohuwar riga ku gane wanne aka nufa. In tarwaɗa ce, faffaɗan kai da gashin baki da sulɓin jiki su ne alamarta. In giwan ruwa ne, to mai zane ya tashi da sassafe ya je inda masunta ke sauke kamu, ya sa a kwantar masa da ɗaya ya kalle shi da kyau: bakin faffaɗa ne, leɓen ƙasa ya ɗan zarce na sama, bayan kai akwai tozo, ƙayoyin baya na gaba tsaitsaye ne masu tsini, na bayansu masu laushi, wutsiyar kuma zagayayya ce. Waɗannan biyar ɗin in aka kama su, ko da layi goma aka yi zanen za a gane shi. Ba a bukatar a zana ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya, wannan shi ke cushe zane. In an gama, kafin kwamiti ya gani, a kai wa tsohon masunci. In ya ambaci sunan kifin ba a gaya masa ba, zane ya yi.

Akwai maganar da littattafan zane na Turawa ba za su gaya muku ba, ita ce ta salla. Wasanninmu na yamma ne, ana busa tashi ana kiran magariba, yaro da jesinsa zai yi alwala ya shiga sahu. Mutane da yawa a Kebbi da Zamfara ba sa sakin jiki su yi salla da riga mai surar abu mai rai, shi ya sa za ka ga wani ya juya rigar ciki waje ko ya ɗora wata a kai. Hukuncin na malamai ne, don haka ku kai wa limaminku samfurin ya gani tun da wuri. Ta fuskar zane kuwa akwai mafita. Ana iya yin kifin a inuwa kawai, launi ɗaya, ba ido ba fuska. Ana kuma iya yin tambari na biyu, ƙarami, na hula da rigunan magoya baya, wanda babu mai rai a ciki: homa biyu, wato ragar hannu ta masunta, a buɗe da gora a tsakiya. Siffar homa in an buɗe ta tana da kyau ƙwarai a cikin da'ira, kuma ba wata ƙungiya a Turai da za ta ce an kwaikwaye ta.

Abin da zan hana kai tsaye shi ne sa sunan Allah ko aya ko wani zikiri a tambari, ko da niyyar neman albarka ce. Jesi ana faɗuwa da ita a ƙasa, ana taka ta, ana shiga bayi da ita, in ta tsufa ta zama tsumman goge babur. Dokokin wasa ma, a doka ta 4 da ta shafi kayan ɗan wasa, sun hana saƙon addini ko na siyasa a jikin kaya. Wannan dokar ta taimake ku a wani wurin kuma: in mai ɗaukar nauyi ko wani ɗan siyasa ya so a sa hotonsa, ko harafin sunansa, ko launin jam'iyyarsa a cikin tambari, ku ba shi haƙuri cikin girmamawa. Gurbin mai ɗaukar nauyi shi ne gaban riga, da sunan kasuwancinsa, na tsawon yarjejeniya. Alhajin da ya saya muku jesi bana ya cancanci godiya a bainar jama'a, amma bajon zai daɗe fiye da yarjejeniyarku da shi.

In wani ya kawo shawarar a ƙara abin sarauta, kamar ƙofar gidan tarihi na Kanta ko ganuwar Surame, ba laifi ba ne, amma a je fada a nemi izini kafin a buga, kuma kada a ɗauki alamar masarauta kanta a mayar ta ƙungiya. Tambarin gwamnatin tarayya mai dawakai biyu shi ma doka ta kare shi, ba a ɗaukarsa. Takobi da mashi da bindiga kuwa ni ban so. Igwar Arsenal tana da dalili, ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa kulob ɗin a 1886. Mu a yankin da iyalai da yawa suka rasa 'yan uwa da gonaki saboda 'yan bindiga, bai kamata yaro ya fito fili da makami a ƙirji ba. In dai za a ƙara sabon abu, ya zama yana da labarin da ya kai, irin harsunan wuta biyu da Liverpool ta ƙara don tunawa da magoya bayanta da suka rasu a filin wasa na Hillsborough a 1989.

Yanzu aikin hannu. Bajo a ƙirji bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, a hoton WhatsApp na ƙungiya kuma bai kai kan ɗan yatsa ba, kuma WhatsApp da Facebook suna yanke hoto a zagaye, su cinye kusurwoyin garkuwa. Saboda haka kada ku yarda da zanen da kuka gani a babban allon kwamfuta kawai. A buga shi a takarda a girmansa na gaskiya, a liƙa a riga, mutum ya tsaya taku goma ku kalla. A rage shi kamar girman kwabo a sake kalla. A buga shi baƙi da fari zalla, domin hatiminku na roba da fotokwafin wasiƙunku ba su san kala ba. Injin monogiram, mai ɗinka zane da zare, yana da iyakarsa: harafin da bai kai milimita 5 ba zare ke cushe shi, cikin "a" da "e" ya toshe, rubutu ya koma dunƙule. Siririn layi ya ɓace, launin da ke narkewa daga duhu zuwa haske kuma zare ba ya iya shi. Kala biyu, in ta matsa uku. Garkuwar ku riƙe ta tunda ita aka sani, a daidaita ta, a bar mata fili a gefe don ta zauna cikin da'ira ba a yanke ta ba. Ƙwallon a cire, duk wanda ya ga bajo a jesi ya san ba ƙungiyar dambe ba ce.

Rubutu a taƙaita shi: sunan gari da manyan haruffa masu kauri, da shekara. Taken Turancin, in har gwajin takarda ya nuna ba wanda ya haddace shi, a mayar da shi bayan wuyan riga ko kan takardar wasiƙa. Ka saurari abin da magoya baya ke faɗa da bakinsu in an ci ƙwallo. "Sai Masu Gida" ta Kano Pillars ba kwamiti ne ya sa mutane suke faɗarsa a Kano ba, kuma ya fi kowane dogon take aiki. In kuna da irinsa, shi ya fi cancanta, kuma in akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki a tabbata salon haruffan da aka zaɓa yana da su, kada a buga muku k a gurbin ƙ. Koren ma a tsayar da guda ɗaya. Kore iri-iri ne, na allon waya daban da na fenti, na fenti daban da na zare. Ku zaɓi wanda ake samu a kasuwa cikin jesunan da ake sayarwa a dila, a rubuta lambarsa, a yanki ƙyalle da zaren da suka dace a ajiye wurinka. Tsohuwar riga rana ta riga ta cinye launinta, ku duba cikin kalmasa inda rana ba ta kai ba, nan asalin koren yake.

Mai zane ɗaya za ku ɗauka, ku biya shi, ku ba shi takardun gwaji da muryoyin dattawa da tsohuwar riga. Gasar "kowa ya kawo nasa" tana jawo zane hamsin da ɓacin rai arba'in da tara. In cikin matasan da suka kawo zakin akwai mai hannu, a haɗa shi da mai zanen su yi tare, zai koyi sana'a kuma zai zama mai kare aikin a cikin 'yan uwansa. Ya kawo zane uku, dukkansu da abubuwan da aka amince ba a taɓawa: ɗaya kusa ƙwarai da tsohon, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya mai ɗan nisa. A fara nuna wa waɗanda suka kafa ƙungiya a gida, su cire wanda ba za su iya zama da shi ba, sannan a liƙa sauran a bakin fili mako guda, a jefa ƙuri'a. Ku fayyace tun farko wa ke da ƙuri'a, 'yan wasa na da da na yanzu da masu biyan kuɗin wata, kada ranar zaɓe a kwaso mutane daga tasha.

In an zaɓa, kada abin da ya sami zanen farko ya sake faruwa. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba asali ba ne, in aka faɗaɗa shi a allon talla sai ya farfashe. Ku karɓi fayil ɗin da masu zane ke kira bekta, na CorelDraw tunda shi yawancin masu bugunmu ke amfani da shi, da PDF da SVG, mai kala da baƙi da fari da wanda ake ɗorawa a kan riga mai duhu. A ajiye a imel ɗin ƙungiya da filashi biyu a hannun mutum biyu. Sannan a rubuta yarjejeniya. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, zane na wanda ya zana ne tun farko, kuma miƙa haƙƙin ga wani sai a rubuce, don haka mai zane ya sa hannu cewa ya miƙa wa ƙungiya, da sunan ƙungiya ba da sunan shugaba ba. In kuka fara sayar da riguna sosai, ku yi wa tambarin rajista a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya a Abuja, rukuni na 25 na tufafi da na 41 na wasanni. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Arsenal ta sake nata a 2002 ke nan, tsohon ya yi mata wuyar karewa daga masu buga kayan jabu.

Tsohon tambarin a sake zana shi tsaf yadda yake, ba gyara, a sa a firam, a kuma buga ƙaraminsa a bayan wuyan sabuwar riga a kakar farko. Ranar ƙaddamarwa rigar farko ta tafi ga mafi tsufa cikin waɗanda suka kafa ƙungiya, kyaftin ya miƙa masa da hannu biyu. Ka rubuta a kundin tsarin ƙungiya cewa ba a sake taɓa tambari ko launi sai da amincewar kashi biyu cikin uku na mambobi, don kada kowane sabon shugaba ya zo da nasa. Kuma ka gaya wa Alhaji ya ba ku kamar wata biyu kafin a yi odar riguna. In lokacin gasa ya matso, ku fara da tsohon bajo, ba abin kunya ba ne. Ko an kai ga bugu, kada a ba mai bugu duka lokaci ɗaya. Ya yi riga ɗaya tak, ɗan wasa ya yi atisaye da ita, a wanke ta da omo sau uku a shanya a zafin ranar Argungu. In bajon bai ɗago ba, koren bai zuba a kan farin ba, sannan a biya shi kuɗin sauran.